Wa zai yi nazarin Maguzanci in ba mu ba?

'Yar Gidan Malamai: Assalamu alaikum. Yau raina a ɓace yake, ku yi haƙuri da tsawon rubutu. Wata uku na yi ina shirya batun bincikena na digiri na biyu a kan addinin Maguzawa, tun kafin tsofaffin da suka san shi su ƙare. Kwamitin sashenmu na nazarin Musulunci ko minti biyar bai yi ba. Wani malami ya turo min takardar da bakin biro, ko taɓa ta bai yi ba, ya ce, "Wannan ba namu ba ne, ki kai wa 'yan Hausa." Joseph Greenberg, Ba'amurke, ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano, ya fitar da littafinsa a 1946. Wani Bature Tremearne kuwa har Tunis da Tarabulus ya bi Hausawa 'yan bori, nasa ya fito a 1914. Mu jikokin ƙasar sai mu karanta kakanninmu a bakin baƙo? A Jami'ar Ibadan sashe ɗaya ne ke nazarin Musulunci da Kiristanci da gargajiya, har mujallarsu sunanta Orita, wato mararraba da Yarbanci. Mu nan kowa ya ja labulensa. Ya kamata a buɗe ƙofa.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, ki gyara bakinki tukuna. Addinin Maguzawa? Addini a wurin Allah shi ne Musulunci, Ali Imrana aya ta 19. Wancan tsafi ne.

Malamin Firamare: Malam, a hankali. A ƙarshen Suratul Kafirun me aka ce wa mushrikan Makka? Kuna da addininku, ina da addinina. Alƙur'ani da kansa ya kira nasu addini. Kiransa haka ba yarda da shi ba ne.

Ɗan Fagge: Wannan barranta ce aka yi, ba yabo ba. Kai a wurin wa ka yi tafsiri?

Malamin Firamare: Ni ban ce yabo ba ne. A zaure na yi, gaban mahaifina, kafin a fara sayar da kaset ɗin wa'azi.

Ɗan Fagge: Na gane inda ka dosa. Ku 'yan zaure ai ku ne kuka bar mutane cikin rubutun sha da laya, shi ya sa bori bai mutu ba.

Baba Mai Ritaya: Yara, ku bar wannan. Ba Izala da ɗarika ta kawo ba. Amma 'yata, ni ma al'ada zan ce. Muna yara ana kaɗa garaya a bayan gidanmu, mata su hau, a ce Sarkin Rafi ya zo ko Ɗan Galadima, yana raba goro da kuɗi. Matan nan suna salla, suna azumi. To addininsu biyu ke nan?

'Yar Gidan Malamai: Baba, Allah ya ƙara girma, ai tambayar da nake so in bincika ke nan. Bori daban, Maguzanci daban, ko da yake sun yi tarayya a iskoki. Ina iyakar take? Wa zai faɗa mana in ba a je an tambaya ba?

Ɗan Wusasa: Ni Bahaushe ne Kirista, kakana Bamaguje ne. Ina yaro na ga inda yake yanka a gindin tsamiya kafin shuka. Shi bai taɓa ɗaukar abin wasa ba. Kuma mu ma a sashen nazarin Kiristanci ba a kula shi, sai dai a ce duhu ne aka fito daga ciki. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa tun 1932 yake, amma har yau in na yi magana sai a ce, "Kai, ashe kana jin Hausa?"

Ɗan Fagge: To ai arna ne kakannin naka, mene ne abin ɓoyewa?

Ɗan Wusasa: Kada ka ƙara ce wa kakana arne. Ka san nauyin kalmar nan a bakin Bahaushe.

Bakatsine: Ku tsaya. Ita kanta kalmar Maguzawa daga gudu ta fito, waɗanda suka guje wa salla.

Malamin Firamare: A'a, daga Majusu ne, Larabci. Malamai sun sa musu sunan ne don a karɓi jiziya a bar su su zauna.

Bakatsine: A ina ka gani? Mu haka muka ji a bakin manya.

Malamin Firamare: Mu ma manya gare mu.

Ɗalibi Daga Damagaram: Mu nan Nijar muna cewa anna ko azna, ba kowa ke jin zagi ba. A Dogon Dutsi wata Baturiya, Adeline Masquelier, ta daɗe tana bincike a kan borin Arawa. Kuma ku tuna Shaharastani da Ibn Hazm sun rubuta littattafai a kan addinan mutane, Biruni ya koyi harshen Indiyawa don ya fahimci nasu. Wa ya kafirta su?

Ɗan Fagge: Su maza ne, malamai masu ƙarfin aƙida, raddi suka yi. Mace za ta shiga gidan boka da sunan bincike?

Hajiyar Islamiyya: To ka zo inda nake jira. Nana Asma'u mace ce, ita ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka suna karantar da mata, a lokacin da bori ke da ƙarfi a tsakaninsu. Da ba ta san abin da matan ke ciki ba, da me za ta ja su? A sashen naku mata nawa ke koyarwa?

Ɗan Fagge: Hajiya, kada ki haɗa 'yar Shehu da 'yan boko.

Hajiyar Islamiyya: Ƙanena, kai a allo ka rubuto wannan ko a waya?

'Yar Gidan Malamai: Don Allah, ko mutum ɗaya ba zai ce komai a kan buɗe ƙofar sashen ba?

Mai Kula Da Zaure: Dare ya yi, zan rufe. Abin da na fahimta: mafi yawa sun yarda al'ada ce, ba addini ba, kamar yadda Baba ya bayyana da kyau, don haka malaminta bai yi laifi ba. Maganar Majusu ba a kawo mata hujja ba. Ɗan Fagge ya janye kalmar da ya faɗa wa ɗan uwanmu na Wusasa. Ƙanwata, ki kai takardarki sashen Hausa. Na kulle sharhi sai bayan sallar asuba.