Wace irin na'urar shaƙar iska ce wannan mai mesa biyu?

Ɗan Tasha: Assalamu alaikum. A wurin 'yan gwangwan a Kwatano na tsinci wata na'ura da aka ce mini ta masu nutso a teku ce, amma ba ta yi kama da waɗanda nake gani yanzu ba. Gwangwani ne mai zagaye kamar ƙaramin kwanon sha, mesa biyu na roba masu lanƙwashe-lanƙwashe sun fito daga jikinsa sun haɗu a abin da ake cizawa a baki. Farantin sunan ya goge, abin da na iya karantawa shi ne “Mistral”. Ina neman sanin ƙasar da aka ƙera ta, da kuma ko za ta yi aiki.

Mai Gyaran Inji: Wa alaikumus salam, Malam. Asalinta Faransa ne. Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka ƙirƙiro wannan tsari a 1943, sannan kamfanin La Spirotechnique ya fitar da Mistral a 1955, da sunan iskar nan mai ƙarfi da ke kaɗawa a kudancin ƙasar. Ana ɗaura gwangwanin ne a kan tukunyar iska a bayan wuya. Mesa ɗaya ke kawo iska, ɗayar ta mayar da wadda aka fitar, shi ya sa kumfa ke tashi ta baya maimakon ta rufe wa mai nutso ido.

Tsohon Matuƙi: Ina da ɗan gyara, domin sunan kaɗai bai isa hujja ba. Kamfanin U.S. Divers a Amurka ya ƙera tasa Mistral, haka ma Siebe Gorman a Ingila, don haka sai ka goge farantin da tsumma mai ɗan mai, ka haska shi da tocila daga gefe, ko sauran rubutun zai fito. Idan ka ga Levallois, ta Faransa ce. Idan kuwa Los Angeles ko Santa Ana ne, ta Amurka ce. Kada ka sa mata samfefa, don da yawa sun kankare shaidar da suke nema da hannunsu.

Batun aiki kuwa, ban ba ka shawarar shiga ruwa da ita ba. Mataki ɗaya take rage matsin iska, kuma matsin tukunyar ne ke danne bawul ɗinta, saboda haka numfashi yana yin nauyi idan tukunya ta cika, ya yi sauƙi idan ta kusa ƙarewa. Ba ta da kafar ɗaura agogon da ke nuna sauran iska. Faifan robar da ke cikinta ma, bayan shekaru masu yawa haka, da wuya bai bushe ya tsattsage ba.

Ɗan Tasha: Na gode ƙwarai, Baba. Na haska kamar yadda ka ce, haruffan “LEVALL” sun fito a ƙasan farantin. Mesa ɗaya kuma ta tsage a hannuna ina cikin juya ta.