Dan Allah waɗanda suka taɓa ɗaukar maraya su zo su ba ni shawara

Rahila_B: Salama 'yan'uwa cikin Kristi. Ni da maigidana mun daɗe da aure Ubangiji bai ba mu haihuwa ba tukuna. To akwai wani yaro ɗan shekara 4 a ikkilisiyarmu, uwa da uba duk sun rasu, yana hannun kakarsa ita kuma tsufa da ciwo sun ci ƙarfinta, da bakinta ta ce mu ɗauke shi. Maigida ya amince. Matsalar yayansa ne, wai ba za a kawo bare ya ci gadon gidansu ba, sannan wata mama a zumuntar mata ta ja ni gefe ta ce ɗaukar ɗan wani alama ce na fid da rai ga Allah. Tambayata biyu ce, mu bi ta kotu a yi takarda ko mu riƙe shi haka nan tunda kakar ta yarda? Kuma in yayan miji ya ƙi, a ci gaba? Waɗanda suka yi nake son ji daga bakinsu.

Maman Alheri: 'Yar'uwa ki nemi jaririya mace, wadda ba ta san kowa ba, ita ce ke kama mutum da sauri. Namiji sai ya girma ya ce zai nemi danginsa.

Rahila_B: Mama ai ba zaɓe na fito ba, yaron yana nan, kowace Lahadi kusa da ni yake zama.

Dattijo Iliya: 'Yata ki karanta Farawa 15. Ibrahim ya ce Eliyezer na Dimashƙu ne zai gāje shi, Allah ya ce a'a, ɗan cikinka ne magajinka. Hannatu ma ta jira har ta sami Sama'ila. Ki taimaki yaron da abinci da kuɗin makaranta yana gidan kakarsa, amma ki jira naki.

Istifanus77: Baba da girmanka, wannan alkawari ne da aka yi wa Ibrahim shi kaɗai, ba doka ba ce. Esta ba ta da uwa ba uba, Mordekai ya ɗauke ta kamar 'yarsa, yana nan a Esta 2:7. Musa a hannun 'yar Fir'auna ya tashi. Yusufu ya reni Yesu ba shi ya haife shi ba. Mu kanmu ai 'ya'yan riƙo ne, Galatiyawa 4:5 zuwa 7 ta ce an mai da mu 'ya'ya kuma magada, to wa ya ce da Allah kada ya kawo bare cikin gado?

Talatu M: Rahila ki bar su da ayoyinsu ki saurare ni, ni na ga abin da idona. Yarinya na ɗauka tana yaye, uwarta ƙawata ce a mawaƙa, ta rasu uban kuma ya riga ta. A gaban fasto da dattawa aka miƙa min ita, aka yi addu'a kowa ya ce amin, na ce takarda fa, aka ce haba tsakanin masu bi wace takarda kuma. Na yi goyo, na kwana asibiti da ita lokacin ƙyanda, na biya makaranta tun daga firamare har ta kusa gama sakandare, duk tsawon shekarun nan ko sabulu babu wanda ya aiko daga dangin ubanta. Ranar da ta zama budurwa ta iya girki ta iya aiki sai ga wani baffanta ya bayyana wai jininsu ce sun zo ɗauka. Na ruga wurin dattawan nan da suka ce amin, biyu sun rasu, ɗaya ya ce shi ba ya son shiga rigimar dangi, faston kuma an canja masa wuri. Lauya ya tambaye ni me nake da shi a rubuce, na ce hoton ranar baftismarta. Yarinyar tana kuka ina kuka aka saka ta a mota. Yanzu sai ta saci waya take kirana, kuma makarantar ma ba a mai da ita ba.

Ladi_Y: Wayyo Anti Talatu, Ubangiji ya ta'azantar da ke.

Talatu M: Abin da ya fi ci min rai ma waɗanda suka ce min in bar wa Allah su ne suka hana ni yin takardar tun farko.

Dattijo Iliya: To kun ji abin da nake gudu ke nan.

Talatu M: A'a Baba kada ka ja labarina gefenka. Ban yi nadamar ɗaukarta ba, ko gobe zan sake. Rashin kotu nake kuka da shi.

Bitrus Direba: Kotun ma ba wasa ba ce fa, mu da muka yi sai da albashina na wajen wata shida ya tafi tsakanin lauya da gwaje-gwajen asibiti da zirga-zirga, ga ma'aikatan jin daɗin jama'a suna zuwa duba gida suna leƙa har ɗakin kwana.

Maman Alheri: Kai Bitrus an dai cuce ka. Mu kuɗin fom kawai muka biya, ko lauya ba mu ɗauka ba.

Bitrus Direba: Mama taki 'yar ƙanwarki ce, ba ɗaya ba ne da wanda ba dangi.

Hannatu_J: Ni wata mata ta ce in kawo kuɗin da ya kai na mota za ta kawo min jariri cikin sati biyu har da takardar haihuwa da sunana, na gudu.

Istifanus77: Gara da kika gudu, wannan sayen mutum ne, ɗaurin kurkuku ne ke jiran mai saye da mai sayarwa. Irin wannan cinikin ne ya sa ƙasashe suka yi yarjejeniyar Hague a 1993 kan ɗaukar yara daga wata ƙasa zuwa wata.

Maman Alheri: Istifanus kai ko aure ba ka yi ba, ka cika mu da aya da yarjejeniya. Ta ce waɗanda suka yi take nema.

Istifanus77: Bulus ma bai da mata amma wa'azin aure daga wasiƙunsa ake yi 😂

Yohanna Gajere: Ni dai in akwai mai neman maraya ɗan shekara 34 ga ni, ba na kukan dare, na iya wanke-wanke, gado kawai nake so a rubuta.

Ladi_Y: Yohanna ka ji tsoron Allah, babanka yana nan da ransa jiya na gan shi a sujada 😂😂

Matar Fasto S: A yi hankali da wasa, mace tana cikin damuwa. Rahila, yayan mijinki ba shi ne mijinki ba. Ku kai masa maganar cikin ladabi tare da wani babba da yake jin nauyinsa, amma izini na mijinki ne. Ku hanzarta tun kakar tana da rai da hankalinta, ku nemo dangin uban yaron su ma su sa hannu, maigidanki kuma ya rubuta wasiyya. Kada ku ɓoye wa yaron asalinsa, ɗan shekara 4 ya san kakarsa, ku riƙa kai shi.

Talatu M: Maman coci maganarki daidai ce, amma irinku ne kuka ce min ba sai an yi takarda ba.

Matar Fasto S: Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba 'yar'uwa.

Bitrus Direba: Tunda an zo nan bari in faɗa, ina baikon marayu da ake karɓa duk shekara yake zuwa? Ni da na ɗauki yaro ko fensir ikkilisiya ba ta taɓa ba shi ba. Sai Kirsimeti a cika mota a je gidan marayu a jera yara su yi waƙa a ɗauki hoto a saka a Facebook, shi ke nan an cika Yakubu 1:27 da ta ce a kula da marayu, sai baɗi.

Hannatu_J: Kuma da yawa daga yaran gidajen nan suna da uwa ko uba da rai, talauci ne ya kai su, da an tallafa wa uwar da ba a raba su ba.

Istifanus77: George Muller a Bristol ta Ingila ya kula da marayu sama da 10,000 kafin rasuwarsa a 1898, kuma duk shekara yana fitar da lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe.

Dattijo Iliya: Ni ina cikin kwamitin kuɗi a tamu, ana karanta rahoto a taron shekara, ku ne ba kwa zama, da an yi addu'ar rufe sujada kun kama ƙofa.

Bitrus Direba: Rahoton da ake cewa "sauran hidimomi" a dunƙule? Baba ka fasa mana shi ɗaya bayan ɗaya mu ji.

Rahila_B: Na gode duka. Anti Talatu na turo miki saƙo ta ciki. Amma har yanzu ba wanda ya ce min in yayan miji ya kai ƙara kotu za ta saurare shi ko a'a.

Yohanna Gajere: Dattijo ya yi shiru, ko ya tafi neman rasit ne?