Yarona na fitsarin jini, meye sila?

Maman Biyu: Salam 'yan uwa, dan Allah yarona ɗan shekara 9 kwana biyun nan in yayi fitsari sai jini ya biyo ƙarshe, babu zazzaɓi amma wallahi hankalina ya tashi.

Baban Yara: Yana wanka a rafi ko tafki? In eh to da alama tsargiya ce, tsutsar daga jikin katantanwa take fitowa ta huda fata a cikin ruwan, ba sai ya sha ba.

Malamar Jinya: Hajiya ki kai shi asibiti a gwada fitsarin, in tsargiyar ce, maganin praziquantel ake badawa gwargwadon nauyinsa. Kar ki ja lokaci, in ta daɗe tana lalata mafitsara har ta taɓa ƙoda.

Maman Biyu: Kullum yana rafi kam, gobe da safe zamu je insha Allah.