Tarin duwatsun kaburbura a tuddan Ingila: me doka take karewa?

Ɗalibin Tarihi:
Assalamu alaikum, malamai. Na karanta cewa a tuddan Dartmoor, kudu maso yammacin Ingila, akwai tarin duwatsu da aka ɗora a kan kaburbura tun zamanin tagulla, kuma laifi ne a taɓa su ba tare da izini ba. Tunda ba a san sunayen mamatan ba, kuma ba su da dangin da ke ziyara, mene ne ake karewa?

Mai Nazari:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, mutanen wancan zamani ba su bar rubutu ba, saboda haka kabarin na cikin manyan shaidun rayuwarsu. A shekarar 2011 an buɗe wani ɗan ramin kabari da aka kewaye da falalen duwatsu a Whitehorse Hill da ke Dartmoor, aka tarar da ƙonannun ƙasusuwa a naɗe cikin fatar beyar, da kwando, da duwatsun ado fiye da 200, har da na kuza, waɗanda suka haura shekara 3,500. Baƙar ƙasar wurin, wadda ruɓaɓɓun tsirrai suka samar, tana riƙe ruwa tana hana iska shiga, shi ya sa fata da saƙa ba su ruɓe ba. Da zarar an yaye ta, lalacewa ta fara. Dokar farko ta kare irin waɗannan wuraren tarihi ta fito a 1882, wadda ake aiki da ita yanzu kuma ta 1979 ce, kuma hukumar Historic England ce ke ba gwamnati shawara kan wuraren da za a sa a rajistar waɗanda doka ke karewa.

Hajiya Malama:
Malam ya yi bayani, sai dai a ganina doka ta fi ƙarfi a takarda. Wa zai yi gadin tudun da babu gida ko ɗaya kusa da shi? Wata ɓarnar ma ba ta ɓarayi ba ce, ta masu yawon hawan dutse ce, waɗanda ke kwashe duwatsun tsakiya su jera su su yi mafaka daga iska, ba su san kabari suke rushewa ba. Kafin su, masu tono na ƙarni na 19 irin su Thomas Bateman sun riga sun huda da yawa ta tsakiya.

Mai Nazari:
Haka ne, Hajiya, ga kuma gobara. Wadda ta tashi a tudun Fylingdales, arewa maso gabashin Ingila, a 2003 ta cinye ciyayi da ƙasar sama, ta bar kayan tarihi a fili, sai da aka yi gaggawar sake shuka ciyawa don kada ruwan sama ya wanke su.