"Babba juji ne": yabo ne ko cin fuska a zaman makoki?

Bakatsiniya: Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu ta rasu makon jiya. Ran sadakar uku gwaggonmu tana ba mu haƙuri ta ce, "Ai Inna juji ce, yau ba mu da wurin zuba shara." 'Yata ta ji haushi, wai an zagi kakarta a gaban mutane. Ni na san yabo ne, amma na kasa gamsar da ita.

Malam na Dala: Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta. Cikakkiyar maganar ita ce, "Babba juji ne, kowa ya zo da shara sai ya zuba." Wato babba shi ake kai wa ƙara da ƙorafi da ɓacin rai, ya haɗiye bai mayar ba. 'Ya ta yi yaji, wurinta za ta sauka. Jika ya yi laifi, bayanta zai ɓuya. Gwaggonku ta faɗi abin da ya fi "mutuniyar kirki ce" nauyi nesa ba kusa ba.

Manomin Bichi: Malam, ka bar rabi. Yaran yanzu in sun ji juji, tarin leda suke gani a bakin kwata. Jujin da kakanninmu suka sani toka ce da kashin awaki da sharar tsakar gida. Da rani ake kwashe shi a mangala, jakuna su kai gona, har daga cikin birnin Kano ake fitar da shi zuwa ƙauyukan kewaye. Gonar da ta sha wannan takin ita ke cika rumbu da gero. Ki gaya wa 'yarki abin da aka zuba wa kakarta bai tafi a banza ba, shi ya rayar da gidan.

Maman 'Yan Biyu: Ni fa ban yarda gaba ɗaya ba. Da wannan karin maganar aka rufe bakin iyayenmu mata da yawa. Tsohuwa ta ce an ɓata mata, sai a ce "haba, babba juji ne," a wuce, mai laifi ko haƙuri bai ba ta ba. Idan ita ta faɗa da bakinta, dattako ne. Idan yaro ya faɗa mata don ta yi shiru, rashin kunya ce. Yarinyar nan tana da 'yar gaskiyarta.

Malam na Dala: Hajiya, wannan kam haka ne, ƙarami ba ya jefa wa babba ita. Amma a nan tsarar marigayiyar ce ta faɗa, kuma ta sa kanta cikin masu zuba sharar.

Badamagariya: Allah ya ba ku haƙuri. Tambayata, jika da kaka ba abokan wasa ba ne? A wurinmu kaka kan kira jikarta "kishiyata", su yi ta tsokanar juna. Ina ganin ba maganar ce ta ƙona yarinyar ba, rashin wadda za ta kai wa ƙarar gwaggon ne. Ku bar ta ta yi kukanta tukuna, bayani ya biyo baya.

Manomin Bichi: To, wa zai karɓi jujin yanzu? Bakatsiniya, in ke ce babba a ɗakinku, ki shirya, kafin arba'in za a fara kawo miki.