Neman shawara: monita mai faɗi mai HDMI, wadda ba za ta cinye min jari ba

Abban Walid, Tudun Wada

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan shago a nan Tudun Wadar Kaduna, ina zana katin biki da kalanda da takardun makarantun Islamiyya. Shekara uku ke nan a kan laftof mai inci 14 nake aiki da manhajar zane ta CorelDRAW, yanzu kuma ido ya fara gazawa. Kafin la'asar sai in ji kamar an zuba min yashi a ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne launi. Makon jiya wata Hajiya ta kawo katin ɗaurin auren 'yarta, ta ce ruwan goro take so. A allona ya fito daidai, amma da aka buga guda ɗari uku sai ya koma ja kamar jan bulo. Ba ta yi faɗa ba. Ta riƙe katin tana juya shi, ta yi shiru, wallahi shirun nan ya fi min faɗa ciwo. Da kuɗina na sake bugawa.

Ina son monita mai faɗi, mai ramin HDMI, wato inda ake jona wayar hoto, don in haɗa laftof da rana, da dare kuma in jona dikoda mu kalli ƙwallo da yaran shago. Naira dubu ɗari da ashirin na ware. Wani a Kasuwar Gumi ya ce in bar batun monita in ɗauki talabijin mai inci 32, wai jifa ɗaya tsuntsu biyu. Me kuka gani?

Injiniya Bash, Malali

Wa alaikumus salam Abban Walid. Kar ka ɗauki talabijin ɗin nan. Yawancin masu inci 32 masu araha 1366x768 ne, wato ɗigon da ke haɗa hoton kaɗan ne aka baza su a kan babban allo. Daga kan kujerar falo ba laifi, amma kai da za ka zauna kamu uku daga gabansa kana gyara ƙananan rubutu, harafi zai riƙa fito maka da gefe kamar haƙoran zarto. Idon da kake kuka da shi sai ya ƙaru.

Nemi inci 24, 1920x1080, kuma allon ya zama IPS. Wannan IPS ɗin shi ne maganarka. Allon TN, irin wanda ke kan laftof masu araha da yawa, da ka ɗan sunkuya ko ka ɗaga kai launi ya canza. IPS kuwa ko ta gefe ka leƙa yana nan yadda yake.

In ni ne da kuɗinka, monita ta hannu zan saya, irin waɗanda ofisoshin waje suka sauke. Dell P2419H ko HP EliteDisplay E243, dukkansu IPS ne, 1920x1080, suna da ramukan jona waya na HDMI da DisplayPort da VGA, kuma ƙafarsu tana hawa tana sauka, har juya allon kake iya yi a tsaye in kana zana kalanda. A lambar Dell, 24 ɗin farko inci ne, 19 kuma shekarar samfurin. Amma ka buɗe ido: P2414H da U2412M suna da kyau, sai dai ba su da HDMI sam, DVI da DisplayPort da VGA kawai gare su. Mai shago zai ce maka ai akwai adafta. Akwai ɗin, amma kai da ke son dikoda, ramin HDMI na asali ya fi maka kwanciyar hankali. Juya bayanta ka gani da idonka, ramin nan mai kama da bakin kwale-kwale.

Maman Ilham, Unguwar Rimi

Malam, ni ma aikin zane nake daga gida, kuma irin abin da ya same ka da Hajiyar nan ya taɓa samu na. Gaskiya monita kaɗai ba za ta raba ka da shi ba. Allo da haske yake haɗa launi, RGB ke nan, injin bugawa kuma da tawada, CMYK. Ruwan goro mai haske da shuɗi mai ƙyalli su suka fi mutuwa a takarda. Tun farkon aiki ka sa fayil ɗinka a CMYK, sannan ka buga gwaji guda ɗaya ka nuna wa mai aiki ta amince kafin a saki ɗari uku. Kuma ka rage hasken monitar, yawanci suna zuwa da haske fiye da kima, shi ke sa takarda ta zama kamar ta dushe.

Sai batun sauti, tunda ka ambaci ƙwallo. Waɗanda Injiniya ya lissafa ba su da sifika a jiki. Hoto zai zo, murya babu. In dikodarka tana da ramukan nan ja da fari a baya, daga nan za ka ja waya zuwa ƙaramar sifika.

Alhaji Ɗanlami, Kawo

Ɗana, ni shawarata ta wurin saye ce, don na taɓa ƙonewa. Na ɗauko wata a kwali, mai shagon ya ce babu wuta a gwada, in je gida in da matsala in dawo. Na kunna, ga wani siririn layi kore tun daga sama har ƙasa. Da na koma ya rantse lafiya ya ba ni. Haka na haƙura.

Ka tafi da laftof ɗinka da wayar HDMI taka. In babu wuta a tada janareta, ko da kai za ka sayi man. Ka buɗe fari fat ya cika allon, sannan baƙi, sannan ja da kore da shuɗi. A fari za ka ga tabo da mataccen ɗigo, a baƙi za ka ga hasken da ke tsiyaya ta kusurwa. Ka ɗan girgiza wayar a ramin, in hoto ya ƙifta ajiye ta. Ka bar ta a kunne kamar minti goma sha biyar kuna ciniki, wata sai ta ɗau zafi take nuna halinta. A rubuta maka rasit da lambar da ke bayanta da kwanakin gwaji. A keke kuma a tsaye za ka rungumo ta, kar a kwantar a ɗora kaya.

In ka kai shago kar ka jona ta kai tsaye a bango, ka samo abin kare ta daga wuta mai ƙarfi. Ga hunturu na tafe, a ɗinka mata riga saboda ƙura.

Abban Walid, Tudun Wada

Allah Ya saka muku da alheri. Baba Alhaji, na riga na ajiye hotunan launuka biyar ɗin a laftof. Maman Ilham, yanzu na duba fayil ɗin katin Hajiya, ashe a RGB na yi shi tun daga farko, na gode ƙwarai. Ranar Asabar in sha Allahu zan zaga shagunan Ahmadu Bello Way kafin in shiga kasuwa.

Injiniya, saura tambaya ɗaya. Da rana ƙaramar sola nake amfani da ita, batir ɗaya ne. Za ta ɗauki monitar tare da laftof?

Injiniya Bash, Malali

Za ta ɗauka. Masu hasken LED irin waɗannan wajen wat ashirin suke ci a aikin yau da kullum, ba su kai fankar sama ba. Tsofaffin masu kauri ne ke shan wuta. In ka samu wadda ta kwanta maka, ɗauki hoton takardar da ke manne a bayanta ka turo nan kafin ka biya, zan duba maka lambar.