In sayar da kayan rak ɗina in sayi sabuwar amfilifaya? Ina neman wanda ya taɓa yi

Mai Jitar Kakuri:
Assalamu alaikum, manya da ƙanana. Wata uku ke nan abin nan yana hana ni barci, shi ya sa na ce bari in kawo shi gaban waɗanda suka riga ni.

Abin da nake da shi: Marshall JMP-1 mai sarrafa sautin jita, da Alesis Quadraverb mai ƙara masa amo, da fawa amf (mai ba lasifika ƙarfi) Marshall 9100 mai wat 50 kowane ɓangare, duk jere a akwati ɗaya, shi ne rak ɗin, sai akwatin lasifika mai inci 12 guda biyu, da abin takawa na MIDI da nake canza sauti da shi. Na hannu ne, a Alaba aka sayo mini su a 2012. Na Amurka ne, wato wuta 120 suke ci, don haka duk inda zan je sai na haɗa da taransifoma mai rage wuta. Idan za mu wasan biki, ni kaɗai nake cika keke guda, kuma sai yara biyu sun kama mini akwatin. Makon jiya a wani ɗakin taro hawa biyu muka hau da shi, washegari da ƙyar na yi ruku'u.

Raina ya biya da Boss Katana mai wat 100, amfilifaya ce haɗe da lasifikarta, wadda zan ɗauka da hannu ɗaya. Kuɗinta kuwa ba za su samu ba sai na sayar da rak ɗin. Wanda ya taɓa sayarwa, ko ya fasa, don Allah ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa. Ba na son labarin YouTube, na kalla har na gaji.

Tsohon Hannu, Jos:
Ɗana, zauna ka ji. Ni na yi, kuma har gobe ina cizon yatsa.

A da ina da ADA MP-1, irin wadda ta fito a 1987, mai aiki irin na JMP-1 ɗinka, da Yamaha SPX90 mai ƙara amo. Da su na yi kiɗa a majami'a da otal-otal na garin nan shekara goma sha. A farkon 2023 baya ya fara damuna kamar kai, sai na tattara na sayar wa wani yaro mai situdiyo, na cika kuɗi na sayi ƙaramar amfi. A zuciyata na ce idan ban ji daɗinta ba, ai sai in nemi wata MP-1 ɗin. A lokacin dala tana wajen 460 a banki. Watan Yuni aka saki naira, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Da na je neman irin abin da na sayar, kuɗin da aka ba ni na kayan biyu gaba ɗaya ko rabin guda ɗaya ba su kai ba.

Ba wai sabuwar ba ta da kyau ba ne. Tana yi. Amma akwai wani sauti da na yi shekaru ina gyara shi a lamba 14 ta ajiyar MP-1, wanda nake bi da shi idan mawaƙa suka sauko ƙasa-ƙasa kafin addu'a. Ban sake samunsa ba. Matata ma da ba ruwanta da jita, ran nan ta ce mini, "Baban yara, kiɗan nan naka ya zama kamar na kowa." Maganar ta fi ciwon bayan zafi.

Yanzu duk lokacin da na wuce situdiyon yaron sai in leƙa, in ga fitilarta tana ci, in gaishe shi in wuce.

Ɗan Abzin:
Baba, Allah ya huci zuciyarka, amma ni labarina ya sha bamban. Mu nan Agadas ban san mai yawo da rak ba. Na taɓa mallakar ɗaya, wani Bature da ya zo yawon buɗe ido ya bar mini, wata huɗu na yi da shi na ba da shi jaka ɗari da ɗoriya, ban waiwaya ba.

Wasanmu a fili ake yinsa, kan tabarma, rairayi ta ko'ina, wuta daga janareton da ba ka san halinsa ba. Rak wayoyi ne birjik a bayansa, kowace waya kuma ƙofar matsala ce. Akwai bikin da ango ya iso, mata sun fara guɗa, ni ina durƙushe da fitilar waya a baki ina neman wace igiya ce ta saki. Daga ranar na haƙura. Na sayi Roland JC-120 tsohuwa. Nauyi gare ta, kilo 28 ne, ba zan ɓoye maka ba, amma igiya ɗaya ce daga jita zuwa cikinta, shi ke nan. Ba bawul, ƙwan gilashin nan mai ƙara ƙarfin sauti, a ciki balle ya fashe a hanyar Arlit. Tun 1975 ake ƙera ta kuma duk mai gyaran rediyon da ya san aikinsa zai iya buɗe ta ya gane.

Ka tambayi kanka sauti nawa kake amfani da su a wasa. Ni biyu ne.

Mai Jitar Kakuri:
Ɗan Abzin, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. JMP-1 tana ajiye sauti 100, amma gaskiya huɗu nake takawa. Sauran tun mai ita na farko suke nan, ban ma san me ke ciki ba.

Injiniya Sabon Gari:
Ni ba makaɗi ba ne sosai, gyara nake yi, shekara goma sha bakwai ina buɗe cikin kayan nan a Kano. Bari in faɗi abin da ke zuwa teburina.

Tsofaffin kayan rak irin naka, cutarsu sananniya ce. Kafasito ya bushe, soket ya yi datti da ƙurar hunturu, ko batirin da ke riƙe ajiyar sautuka ya mutu. Duk waɗannan ina gyara su da kayan da zan samu a kasuwa. Af, tun da na ambaci batiri: Malam, yau ɗin nan ka ɗauki littafi ka rubuta lambobin sautukanka huɗun nan, gain nawa, bass nawa, treble nawa. Akwai ɗan batiri a cikin JMP-1, kuma taka ta haura shekara ashirin. Ranar da ya mutu ko aka cire shi, abin da ka tara zai iya tafiya. Wani ya taɓa kawo mini tasa, na canza batiri ban tambaye shi ba, ya dawo ya tarar komai ya koma yadda kamfani ya tsara. Bai zage ni ba, amma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Tun daga nan ba na taɓa irinta sai mai ita ya rubuta a gabana.

Sababbin amfi na kwamfuta kuwa, ba su cika lalacewa ba, wannan gaskiya ne. Amma ranar da wuta ta ci allon da ke sarrafa sautin, ba abin da zan iya yi sai a nemo allo sukutum daga waje. Akwai guda biyu a saman kantata yanzu haka, masu su sun gaji da zuwa.

Ta ɗaya gefen, kada in yi maka daɗin baki a kan 9100. Manyan bawul huɗu ne a cikinta. Masu ƙera bawul a duniya ba su da yawa: akwai masana'antar Saratov a Rasha, akwai JJ a Sulobakiya, sai na Sin. Da yaƙin Yukiren ya tashi a 2022 farashinsu ya yi tsalle, mu kuma nan ga dala a kai. Kuma ba cirewa da sakawa ba ne kawai, sai an daidaita su. Ga wata: idan yaranka suka kunna ta ba a jona lasifika ba, aka buga jita, taransifomar fitar da sauti tana iya ƙonewa. Na ga hakan sau uku, dukansu a wajen biki, dukansu gaggawa ce ta jawo.

Wanda ya fi kowanne yawa dai shi ne mantuwar taransifomar rage wuta. Kayan 120 a soka su a 230. Ƙauri kawai za ka ji.

Maman Biyu:
Injiniya, kamar ka san abin da ya same mu. Ni bes nake bugawa a ƙungiyar mawaƙan majami'armu a Kafanchan, maigidana ne mai jita. Rak ɗinsa haka ya mutu, wani yaro mai son taimako ya soka kai tsaye, muna can muna gaisawa da mutane. Don haka mu ba mu samu damar yin shawarar da kake yi ba, ƙanena. Gawa muka sayar.

Abin da zan ƙara shi ne ta fuskar gida. Lokacin da yake da rak, duk fita sai an yi shatar keke zuwa da dawowa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wani wasan idan ka cire kuɗin keke da na yaran da suka ɗauki kaya, abin da ya rage bai kai cefanen kwana biyu ba. Yanzu Katana 50 gare shi, ba ta kai kilo 12 ba, yana ɗaura ta a bayan babur ya rataya jita ya tafi. Kuma tana da wurin rage ƙarfi zuwa rabin wat, yana gwaji da dare yara na barci.

Yana kewar tsohon? Yana yi. Amma ban taɓa jin wani a cikin jama'a ya zo ya ce sauti ya canza ba, sai 'yan uwansa masu jita. Su kuma ba su ke biya ba.

Tsohon Hannu, Jos:
'Yata, ni tawa matar ta ji bambancin.

Maman Biyu:
Baba, ai Mama shekara talatin tana jin ka. Ko tari ka canza za ta gane.

Ɗan Zangon Kumasi:
Ni na sayar, na sayi Fender Hot Rod Deluxe mai wat 40, ban yi nadama ba, don hailaif muke bugawa kuma tsabtataccen sauti muke so. Kuskurena ɗaya: na sayar da komai a dunƙule ga dillali, don ina sauri. Bayan sati biyu na ga ya rarraba su, kuɗin da ya sa wa guda biyu kawai sun kai abin da ya ba ni duka. In za ka sayar, ɗaya-ɗaya, kuma ka kai wa masu situdiyo, su ne suka san darajarsu. Kada ka saki naka sai ka buga sabuwar a wasa na gaske, da ganguna a bayanka. A shago kowace amfi zaƙi gare ta.

Injiniya Sabon Gari:
Na dawo, don na tuna wani abu da ya kamata in fara da shi. Wa ya ce dole sai duka ko babu?

Nauyin kayanka, kusan duk na 9100 ne da lasifika. JMP-1 siririya ce, gida ɗaya take ci a rak, kaurinta inci ɗaya da kwata uku. Kuma sautin da kake ji naka ne, daga cikinta yake fitowa, wajen ƙananan bawul ɗin nan biyu 12AX7, waɗanda suke daɗewa kuma ba su kai manyan tsada ba. Ka duba bayanta, akwai mafita biyu da aka rubuta Speaker Emulated. Daga nan za ka iya zuwa mikisa kai tsaye, ba fawa amf, ba akwatin lasifika. In kuma Katana ɗin da kake so ƙirar MkII ce, wadda ta fito a 2019, tana da rami a baya mai suna Power Amp In. Ka jona JMP-1 ta mafitarta ta yau da kullum a nan, Katana ta zama ƙarfi da lasifika kawai. Ranar ƙaramin wasa ka bar Marshall a gida ka tafi da Katana ita kaɗai.

Ba zan ce maka zai yi daidai da 9100 ba. Akwai wani tumbatsa da manyan bawul suke yi idan an buɗe su, ba za ka same shi ba. Amma yaushe rabon da ka buɗe muryarta ta wuce lamba uku?

Mai Jitar Kakuri:
Injiniya, wallahi ban taɓa wuce uku ba, mai mikisa ba ya bari. Kuma shekara goma sha uku ina kallon ramukan nan biyu ban taɓa soka komai a ciki ba.

Jiya da daddare na gwada a wajen gwajinmu. Na bar 9100 a kashe, na ja igiya daga JMP-1 zuwa mikisa. Mai ganga bai lura ba sai da na nuna masa. Ni na lura: sautin ya ɗan yi kauri a tsakiya, kuma da yake ta lasifikar gabana nake jin kaina maimakon ta baya, hannuna ya yi ta neman abin da ya saba. Amma abu ne da za a iya zama da shi. Na kuma rubuta sautukan huɗu a bayan littafin bashin shagona, na ɗauki hoto.

Ga inda na tsaya. Zan sayar da 9100 da akwatin lasifika, daban-daban kamar yadda ɗan'uwa na Kumasi ya ce. JMP-1 ba ta zuwa ko'ina. Quadraverb ce ban yanke ba, don Katana tana da nata amon, amma kuɗin da aka taya ta bai kai in ɗauke ta daga gida ba. Wani abokina a Barnawa zai ara mini Katana ɗinsa ranar Asabar, akwai kamu, zan gwada ta da mutane a gaba kafin in karɓi kuɗin kowa.

Injiniya, batirin nan, in na shigo Kano a yini ɗaya za a gama, ko sai na bar ta?

Injiniya Sabon Gari:
Awa ɗaya ne in akwai wuta. Ka taho da littafin.

Tsohon Hannu, Jos:
Ɗana, kafin ka kai 9100 ɗin kasuwa ka turo mini farashi ta akwatin saƙo. Yaron nan mai situdiyo ya ce zai iya sakar mini MP-1 ɗina idan na samo masa fawa amf mai bawul. Kada ka faɗa wa Mama.